Yadda ake auna miskilan shugabannin anime da juna

Duk inda masu kallon anime, wato fina-finan zane na Japan, suka haɗu akwai musun da ba ya tsufa: tsakanin Lelouch da Erwin wa ya fi iya shugabanci, Griffith mugu ne tun fil azal ko wahala ce ta juya shi, Askeladd ya cancanci a tausaya masa ko kuwa. Yawanci da hayaniya ake tashi, domin kowa da abin da yake dubawa. Wannan yana maganar kaifin basira, wancan yana ƙirga gawa, na uku kuma kiɗan da aka sa ranar da gwaninsa ya mutu ne har yanzu bai bar kunnensa ba. Ana iya yin abin cikin tsari, kuma ya fi daɗi idan an yi shi haka.

Gargaɗi tun da wuri: zan tona manyan sirrikan Code Geass, Fullmetal Alchemist, Berserk, Vinland Saga, Attack on Titan har zuwa zango na 3, da farkon Legend of the Galactic Heroes. Wanda bai kai nan ba ya je ya gama kallonsa, rubutun yana nan yana jira.

Kayan aikin ba su da yawa. Takarda da biro ko wurin rubutu a waya, da damar komawa kan kashi biyu ko uku na kowane labari. Kada ka dogara da abin da ka tuna, musamman idan a guntayen bidiyo ka fi sanin mutumin.

Mataki na 1: Zaɓi mutum biyu masu ɗauke da kaya iri ɗaya

Sharaɗin farko, kowannensu ya kasance yana da mutanen da za su mutu idan ya ba da umarni. Wannan kaɗai ya fitar da rabin sunayen da ake jefowa cikin musu. Itachi da Sasuke na Naruto miskilai ne na gaske, labarinsu kuma da nauyi, amma kansu da danginsu suke ɗauke da su, ba runduna ba. Levi, sojan da ke ƙarƙashin Erwin, yana da 'yan tawagarsa, sai dai a mafi yawan labarin wani ne ke tsara yaƙin, shi aiwatarwa yake yi. Light Yagami na Death Note yana da masu bauta masa, amma bai taɓa ɗaukar kansa a matsayin mai alhakin ransu ba.

Waɗanda suka cika sharaɗin su ne irin Erwin Smith, kwamanda na 13 na rundunar da ke fita bayan ganuwa a Attack on Titan. Lelouch, wanda ya rufe fuska da sunan Zero ya kafa ƙungiyar tawaye ta Black Knights a Code Geass. Kanar Roy Mustang na Fullmetal Alchemist. Griffith da rundunarsa ta sojojin haya a Berserk. Askeladd da gungun 'yan Viking ɗinsa a Vinland Saga. Sai Reinhard von Lohengramm na Legend of the Galactic Heroes. Ɗauki biyu kawai. Uku ma sun yi yawa a karon farko. Ni a nan Erwin da Lelouch zan riƙe, sauran in riƙa kiransu shaida idan buƙata ta taso.

Mataki na 2: Faɗi wace siga kake magana a kai

Mutane da yawa sukan yi awa guda suna ja-in-ja, ashe ba mutum ɗaya suke nufi ba. A Fullmetal Alchemist na 2003, Roy Mustang ne ya harbe iyayen Winry, likitocin nan biyu, bisa umarnin manyansa. A littafin Hiromu Arakawa da kuma Brotherhood na 2009, Scar ne ya kashe su. Wannan bambanci ɗaya ya isa ya sauya hukuncin da za ka yanke wa Roy. Haka Code Geass: a shirin talabijin na 2006 zuwa 2008 Shirley, 'yar makarantarsu Lelouch, ta mutu, a fina-finan da aka sake haɗawa a 2017 da 2018 kuwa tana raye, kuma a kan waɗannan fina-finan aka ɗora ci gaban da ya fito a 2019. Berserk na 1997 ya tsaya ne a ranar kusufi, littafin Kentaro Miura kuwa ya yi nisa sosai bayan nan.

Rubuta sigar a saman takardarka, da shekararta. Abin da ke wajenta ba hujja ba ne a wannan zaman.

Mataki na 3: Tuɓe masa ado

Masu zana anime sun ƙware wajen sa mutum ya yi kama da mai zurfin tunani. Inuwa ta rufe rabin fuska, gilashin ido yana ƙyalli, an haɗa yatsu a gaban baki yadda Gendo Ikari yake zama a Evangelion, ruwan sama a taga, murya ƙasa-ƙasa. Duk wannan yana aiki a zuciyar mai kallo kafin mutumin ya aikata komai.

Gwajin mai sauƙi ne. Koma wurin da ya fi burge ka, kashe sauti, sannan ka rubuta abin da ya faru cikin jimla ɗaya, babu yabo babu zagi. Misali: "Ya sa an zaftare dutse a kan sojojin abokan gaba, ƙasar ta gangara har cikin gari." Ko kuma: "Ya fitar da sojojinsa bai gaya musu cewa su ne abin tarko ba." Idan ka tara irin waɗannan jimloli biyar ko shida ga kowanne, za ka ga wasu miskilan babu komai a ƙarƙashin ɗaure fuskarsu sai ɗaure fuskar. Za ka kuma ga akasin haka. Askeladd mai barkwanci ne, kullum da murmushin ƙeta, amma jerin ayyukansa ya fi na kowa duhu. Roy ma yakan yi kamar malalaci mai son hira da 'yan mata, alhali shi ne mutumin da ya ƙona garuruwa a yaƙin Ishval da ƙyasta yatsa.

Mataki na 4: Layi biyu, abin da yake faɗa da abin da yake so

Raba takardar gida biyu. A dama rubuta abin da shugaban yake gaya wa mabiyansa cewa don shi ake mutuwa. A hagu rubuta abin da zuciyarsa take so. Tazarar da ke tsakanin layukan nan biyu ita ce asalin abin da kake kwatantawa, don haka kada ka yi gaggawa a nan.

Erwin yana gaya wa sojojinsa su sadaukar da zuciyarsu domin bil'adama. Na hagu kuwa ya samo asali ne daga aji. Yana yaro ya ɗaga hannu ya tambayi malamin tarihi, wanda mahaifinsa ne, ta yaya aka tabbatar babu sauran mutane a bayan ganuwa. Uban bai amsa a aji ba, sai a gida ya faɗa masa zarginsa cewa masarauta tana ɓoye gaskiya. Yaro ya je ya baza wa abokai, maganar ta kai kunnen 'yan sandan soja, aka tsinci uban a mace a wani gari aka ce hatsari ne. Tun daga ranar abin da Erwin yake so shi ne ya tabbatar mahaifinsa ya yi gaskiya. Kafin tafiya garin Shiganshina, inda ake sa ran samun amsar a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Levi ya tsare shi ya tambaye shi ko ganin wannan gaskiyar da idonsa ya fi masa nasarar bil'adama, ya ce masa ya fi. Bai yi kwana-kwana ba.

Lelouch yana gaya wa Black Knights cewa za a 'yanto Japan daga mulkin Britannia a kuma kare mai rauni. Na hagu: ya gano wanda ya kashe mahaifiyarsa Marianne, ya rama abin da ubansa sarki ya yi masa, ya gina duniyar da ƙanwarsa Nunnally, makauniya kuma gurguwa, za ta zauna lafiya. Shi ba Bajapane ba ne ma, ɗan sarkin da suke yaƙa ne, kuma mabiyansa ba su san ɗan sarkin ne ba.

Yanzu yi tambayar da ke raba su: ranar da layukan biyu suka yi karo, wanne ya bi? A ƙarshen zango na farko, ana tsakiyar yaƙin ƙwace Tokyo, aka sace Nunnally. Lelouch ya bar fagen fama ya bi ta, rundunar ta watse, aka kama manyanta. Erwin kuwa, lokacin da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da amsar rayuwarsa yake kusa da shi cikin gari ɗaya, ya juya masa baya. Za mu dawo kan wannan.

Ga Griffith layin dama da na hagu kusan ɗaya ne, ga tsoron nan. Bai taɓa ɓoye cewa masarautar kansa yake nema ba, mutane suka bi shi a haka. Ga Askeladd kuwa tazarar ta fi ta kowa faɗi: yana jagorantar 'yan Denmak don ganima, alhali a ransa ya tsane su, zuciyarsa tana Wales, ƙasar mahaifiyarsa da aka kamo baiwa.

Mataki na 5: Ɗauki rana ɗaya ka tsefe ta

Kada ka auna rayuwa gaba ɗaya da rayuwa gaba ɗaya, ba za ka gama ba. Zaɓi shawara ɗaya mafi muni ga kowanne, ka yi mata tambayoyi: me ya sani a lokacin, wace hanya ce ta rage masa, lokaci nawa yake da shi. Abin kiyayewa shi ne kada ka hukunta shi da abin da kai mai kallo ka sani daga baya, kada kuma ka wanke shi da shi.

Ta Erwin tana ɓangare na biyu na zango na 3, wanda ya fito a 2019. Samudan nan mai kamar biri yana farfasa duwatsu yana jifan rundunar da su, gogaggun sojoji sun ƙare, saura sababbin ɗauka da dawaki, gidajen da suke fakewa a bayansu suna rushewa ɗaya bayan ɗaya. Dubi yadda aka zana wurin. Erwin mai hannu ɗaya, wanda ba a taɓa ganin gwiwarsa ta yi sanyi ba, ya nemi akwatin katako ya zauna. Ya ce wa Levi akwai dabara, amma shi da yaran duka za su mutu, kuma yana so ya je ɗakin nan na ƙarƙashin ƙasa. Levi ya durƙusa a gabansa ya yanke masa shawarar: ya haƙura da burinsa ya ja yaran zuwa mutuwa. Erwin ya tashi ya gaya wa yaran gaskiya cewa sukuwar da za a yi ba ta dawowa ba ce, ana so ne a ɗauke hankalin samudan har Levi ya zagaya ya cim masa. Ya hau doki ya shiga gaba, kuma yana cikin waɗanda dutse ya fara samu. Ya san komai, hanyar da ta rage ita ce gudu da 'yan kaɗan, lokacinsa mintuna ne.

Ta Lelouch, mutane sukan ɗauko ta Euphemia, gimbiyar Britannia, a kashi na 22 da 23. Gimbiyar ta buɗe yankin da Japanawa za su sake amsa sunansu, Lelouch ya shiga ganawa da ita da niyyar ɓata shirin, ta rinjaye shi har ya miƙa hannu. Cikin raha ya ce da zai umarce ta da ta kashe Japanawa da ta yi, a daidai lokacin ikon Geass da ke idonsa, mai tilasta wa mutum bin umarninsa, ya ƙwace masa, umarnin ya kama ta. Kisan kiyashin da ya biyo baya tsautsayi ne. Abin da za ka auna shi ne abin da ya yi bayan nan: ya bar duniya ta ɗauka tarko ta ɗana da gangan, ya hau kan gawawwakin ya tayar da bore, ya harbe ta da hannunsa.

Ni dai ina ganin ba ita ce mafi muni ba. A zango na biyu, bayan mutuwar Shirley, ya tura Black Knights su shafe cibiyar binciken Geass, da masu bincike marasa makami da yara, bai kuma gaya wa masu harbin cikakken dalili ba. Babu tsautsayi a nan, babu ƙurewar lokaci, akwai wasu hanyoyi. Fushi ne. Idan kana neman ranar da za ka ajiye kusa da ta Erwin, zaɓi wadda mutumin ya yi da cikakken hankalinsa.

Don ka ga inda ma'aunin ya ƙure, kalli ƙauyen nan na Ingila a Vinland Saga. Tsakiyar hunturu, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, Askeladd yana buƙatar abinci da mafaka kuma ba ya so labarinsa ya kai ga masu bin sawunsa. Ya sa aka tara mutanen ƙauyen aka kashe su, sai yarinya ɗaya da ta tsira don ba ta cikin gida. Bai ɗaga murya ba, bai yi dogon jawabi ba.

Mataki na 6: Ƙirga waɗanda suka biya, ka raba su gida biyu

Yawan gawa kaɗai ba ya gaya maka komai, tunda wani labarin a ƙauye yake, wani a sararin samaniya. Raba matattun: waɗanda suka san abin da suka shiga, da waɗanda ba a tambaye su ba. Sannan ka auna mutanen biyu da mudu ɗaya, kada ka cika wa gwaninka ka shafe wa na wani.

Erwin yana da abin kare kai a gida na farko. Daren da yake neman sababbin sojoji ya faɗa musu ƙarara cewa mafi yawansu za su mutu, taron ya watse, 'yan kaɗan suka tsaya. Amma a gida na biyu akwai mutanen garin Stohess, waɗanda gine-gine suka faɗo musu a kai saboda ya zaɓi a kama Annie, mai rikiɗa ta zama samudawa, a tsakiyar gari. Masu son Erwin sukan tsallake wannan. Kada ka bari.

Lelouch gidansa na biyu ya fi cika. Mahaifin Shirley yana cikin waɗanda zaftarewar ƙasar da ya haddasa a Narita ta binne. Ƙari a kan haka, ikonsa da kansa yana goge yarda: sojan da aka yi wa Geass ba za a ce ya amince ba, ko da ya mutu yana kirari. A yaƙin ƙarshe ya tarwatsa dutsen Fuji alhali dakarunsa na ƙasa suna wurin.

Mataki na 7: Nemo wanda ya isa ya ce masa a'a

Da za a ce in zubar da duk matakan in riƙe ɗaya, wannan zan riƙe. Kowane shugaba a irin waɗannan labarai yana da wani a gefensa. Duba abu uku: mutumin ya san gaskiyar shugaban, yana da ikon tsayar da shi, kuma me shugaban ya yi ranar da aka tsayar da shi.

Roy Mustang ne zakaran gwajin dafi. Tun da ya ɗauki Riza Hawkeye mataimakiya ya ce ta tsare masa baya, kuma ya fayyace mata ma'anar: idan ya kauce hanya ta harbe shi ta bayan. Ranar ta zo. A ramukan ƙarƙashin birnin Central ya ritsa Envy, wanda ya kashe amininsa Maes Hughes, ya yi ta ƙona shi yana warkewa yana sake ƙona shi, har ya koma ɗan mitsitsin halitta a ƙarƙashin takalminsa. Sai ya ji bindiga a ƙeyarsa. Riza ta ce ba za ta bari ya ƙarasa shi cikin wannan hali ba. Ya tambaye ta me za ta yi bayan ta harbe shi, ta ce ba ta da niyyar rayuwa bayan an gama yaƙin. Ya huce wutarsa a kan bango, ya sauke bindigar da ke hannunta, ya zauna a ƙasa. Shi ya naɗa mai tsawata masa da kansa, kuma da aka tsawata ya ji. Burinsa ma na hawa mulki ya haɗa da mayar da iko ga majalisa, ya kuma san cewa idan hakan ta faru shi da abokansa na Ishval za su iya gurfana gaban shari'a.

Reinhard ya faɗi wannan jarrabawar. Labari ya zo cewa abokin gabarsa Braunschweig zai jefa makaman nukiliya a kan duniyar Westerland, mai mutum miliyan 2. Oberstein, mashawarcinsa, ya ba shi shawarar a bari abin ya faru a ɗauki hotonsa, domin jama'a su juya wa masu sarauta baya. Abin ya faru. Siegfried Kircheis, amininsa tun yarinta, ya zo ya tuhume shi, Reinhard ya tuna masa cewa shi na ƙasa da shi ne, daga baya aka janye masa alfarmar riƙe makami a gabansa. A bikin nasara wani ya kai wa Reinhard hari, Kircheis ya tare da hannu babu makami, ya mutu. Duk tsawon sauran labarin, wanda ya kai kashi 110 a sigar 1988 zuwa 1997, Reinhard yana ɗauke da wannan rana.

Griffith ba shi da kowa, kuma shi ya so haka. Casca, kwamanda a rundunarsa, tana ganinsa kamar abin bauta. Guts, babban mayaƙinsa, shi ne kaɗai ya kusa, da ya tafi neman zama tsaransa sai Griffith ya rushe: ya kwana da gimbiya Charlotte, aka kama shi, shekara guda ana azabtar da shi, aka yanke masa jijiyoyi da harshe. Ranar kusufi da aka tambaye shi ko zai ba da rundunar da ta ceto shi hadaya, babu muryar da yake jin nauyinta.

Mu koma kan namu biyu. Levi ya san gaskiyar Erwin, ya taɓa yi masa barazanar karya masa ƙafafu don ya zauna a gida, kuma a ranar ƙarshe shi Erwin ya miƙa wa shawarar. Lelouch fa? C.C., wadda ta ba shi Geass, ta san komai amma ba mai hanawa ba ce. Kallen, gwarzuwar Black Knights, ta san fuskarsa amma ba ta san zuciyarsa ba. Sauran Black Knights sai daga bakin abokin gaba, Schneizel, suka ji labarin Geass, suka juya masa bindigogi. Suzaku, abokinsa tun yarinta, shi ne ya isa ya ce masa a'a, shi kuma a ɗaya ɓangaren yake har kusan ƙarshe. Shugaban da ya tsara al'amuransa yadda babu mai iya tsayar da shi, rubuta wannan a cikin laifukansa, kada ka sa shi a cikin basirarsa.

Mataki na 8: Kama hannun marubuci

Wani lokaci ba mutumin ne ya wanke kansa ba, mai labarin ne ya wanke shi. Alamomin ba su da wuyar gani: tsautsayi ya faɗo daidai lokacin da zai ɗauke masa nauyin zaɓi, an kawo wani da ya fi shi mugunta don ya yi haske kusa da shi, waɗanda ya kashe ba su da suna ko fuska. Geass ɗin da ya ƙwace a gaban Euphemia misali ne na farkon. A Westerland ma sigar 1988 ta sassauta wa Reinhard, ta nuna Oberstein ya ruɗe shi game da lokacin harin, alhali a littafin Yoshiki Tanaka shi ya amince.

Duba kuma ko labarin ya bar wanda aka cuta ya yi magana. Attack on Titan ya bar Floch, wanda ya tsira daga sukuwar, ya ɗauko Erwin a baya yana kiransa shaiɗan, yana so a raya shi don ya ci gaba da ɗanɗana azabar. Makoto Yukimura, marubucin Vinland Saga, ya ba da kusan kashi guda ga iyalin ƙauyen nan, da cin abincinsu da addu'arsu, kafin mutanen Askeladd su turo ƙofa. Marubucin da ya yi haka bai nemi ka yafe ba. Rubuta wannan daban, domin hukunci ne a kan labarin, kada ka gauraya shi da hukuncin mutumin.

Mataki na 9: Kada kyakkyawar mutuwa ta biya bashi

Lelouch ya hau gadon sarauta, ya tara ƙiyayyar duniya a kansa, ya sa Suzaku ya soke shi a bainar jama'a da kayan Zero. Askeladd ya sare kan sarki Sweyn a York, ya yi kamar ya haukace, ya bar yarima Canute, ɗan Sweyn, ya kashe shi, don ya tserar da Wales da yariman a lokaci guda. Duka biyun suna da ban sha'awa. Amma tambayi kanka wa ya zaɓi hukuncin, kuma wa ya amfana. Su biyun su suka rubuta wa kansu ƙarshe, suka zaɓi rana da wuri da wanda zai riƙe takobi. Waɗanda suka mutu a Narita da ƙauyen Ingila ba a nemi ra'ayinsu ba. Erwin bai samu wannan gatan ba: allurar da za ta raya mutum ɗaya ce, Levi ya ba wani matashin soja, Armin, Erwin kuwa ya cika a kan rufin gida bai ga abin da ke cikin ɗakin ba.

Mataki na 10: Yanke hukunci gida-gida

Kada ka rufe da "wane ya fi wane". Raba hukuncin: wa ya fi dabarar yaƙi, wa ya fi riƙon amanar mabiyansa, wa aka fi iya rubutawa. Amsoshin ba dole su faɗa kan mutum ɗaya ba, kuma kowace ka jingina ta da kashi da abin da ya faru a ciki, yadda abokin musunka zai iya komawa ya duba.

Nawa ga shi. A girman abin da aka cim ma, Lelouch ya wuce, ya fara da 'yan tawaye kaɗan ya ƙare da duniya a tafin hannunsa, ko da yake da ikon da Erwin ba shi da shi. A riƙon amana Erwin ne, saboda ya faɗi gaskiya a ranar da ta fi tsada, ya kuma shiga gaba, amma Stohess tana nan a rubuce a kansa. A rubutu ma Erwin nake ba, don labarinsa bai nemo masa tsautsayin da zai fake da shi ba. Wanda ya ce Lelouch yaro ne ɗan shekara 17 lokacin da ya fara, Erwin kuwa gogaggen soja, ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma a Mataki na 5 ya kamata a saka ta.

Idan kana son gwada hannunka, ɗauki Canute na zango na 2 na Vinland Saga, wanda ya fito a 2023, ka ajiye shi kusa da Reinhard. Dukansu matasa ne da suka yarda za a iya gyara duniya da ƙarfin sarauta. Canute ya sa wa ɗan'uwansa Harald guba, ya kuma shirya ƙwace gonar Ketil don ya ciyar da sojojinsa. Fara da Mataki na 7, ka duba abin da ya yi lokacin da Thorfinn, jarumin labarin, wanda bai daɗe da fita daga bauta ba, ya zo gabansa da kumburarriyar fuska babu makami ya ce ya janye.